Falmaran, Taguwa da Rawanin Haruna: Amsoshin Tambayoyinku

Wata malamar makarantar Lahadi daga Kafanchan ta rubuto cewa tana karanta wa yara Littafin Fitowa sura 28, inda aka umarci Musa ya sa a ɗinka wa ɗan'uwansa Haruna tufafin firist. Da ta zo kan kalmar "falmaran" sai aji ya fashe da dariya, domin su a saninsu falmaran ta ango ce ranar biki. Tana tambaya ko masu fassara sun yi kuskure ne.

Malama, ba kuskure suka yi ba, laluben makusanciyar kalma suka yi. Da Ibrananci sunan abin efod, kuma wasu fassarorin sun bar shi haka. Falmaran a wurinmu riga ce marar hannu da ake ɗorawa a kan wata rigar, kalmar kuwa ta shigo mana daga Larabcin Arewacin Afirka. Ta wannan fuskar sun dace: efod ma ba ta da hannu, a saman taguwa ake sa ta, tana rataye a kafaɗu, a ɗaure ta a ƙugu. Kamanceceniyar ta tsaya nan. Ita efod an saƙa ta da lallausan lilin da zare shuɗi da shunayya da mulufi, aka buga zinariya ta yi fale-fale, aka yayyanka ta siri-siri aka saƙa tare da zaren.

Abin da ya kamata yaran su riƙe shi ne duwatsun. A kowace kafaɗa akwai dutse guda mai daraja, an zana sunayen kabilu 6 na Banu Isra'ila a kai, jimilla 12. A ƙirji kuma an maƙala wani ƙyalle da aka ninka biyu, tsawonsa taƙi guda, faɗinsa taƙi guda (taƙi shi ne tazarar babban yatsa zuwa ƙarshen yatsun hannu idan an ware su, kalmar da matasa suka fara mantawa). A kansa an jera duwatsu 12, layi 4, kowane layi 3, kowace kabila da nata. A cikin ninkin ake ajiye Urim da Tummin, waɗanda ake neman sanin hukuncin Ubangiji da su. Nassin ya faɗi dalili ƙarara: Haruna ya ɗauki sunayen jama'arsa a kafaɗa da kuma a kan zuciyarsa duk sa'ad da ya shiga Wuri Mai Tsarki, wato ɗakin ibada na cikin alfarwar sujada. Talakan Isra'ila ba shi da ikon taka wurin, amma sunan kabilarsa na shiga. To, ki ga ashe falmaran ɗin nan kaya ce ta ɗauka, duk da kyanta.

Taguwar da ke ƙasa shuɗiya ce baki ɗaya, an yi wa wuyanta lafi mai ƙarfi don kada ya yage. A bakinta na ƙasa an jera 'ya'yan rumman na zare da ƙararrawa ta zinariya, ɗaya bayan ɗaya, domin a ji motsinsa shiga da fita. A kula, wannan taguwa ta sawa ce. Tāguwa mai dogon wasali raƙuma ce.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce me ya hana a ce liman maimakon firist. Aikin ne daban. Liman jagoran salla ne, ilimi ke kai shi gaba. Firist kuwa hadaya yake miƙawa a madadin jama'a, kuma gado ne na zuriyar Haruna kaɗai. Kalmar daga Turanci muka aro ta. Su Ibraniyawa kohen suke cewa.

Sai wani dattijo daga Maraɗi da ya ce ya ji babban firist na naɗa rawani har da allon zinariya a goshi, shin wannan bai shiga cikin abin da Bahaushe ke kira "girman kai rawanin tsiya" ba?

Baba, tambayar nan ta yi mini daɗi. Karin maganar na nufin mai girman kai ya naɗa wa kansa abin da ba wanda ya naɗa masa, kuma ƙarshensa talauci da wulaƙanci. Rawanin Haruna kuwa Musa ne ya naɗa masa a gaban taron jama'a, bayan ya yi masa wanka. Abin da aka zana a allon ba sunansa ba ne, ba kirarinsa ba ne: "Mai tsarki ga Ubangiji". Wani abin sha'awa, malaman Yahudawa na baya, a cikin Talmud, sun ce kowane tufa na firist akwai zunubin da yake kankarewa, suka ce na rawani girman kai ne, na taguwa mai ƙararrawa kuwa gulma da ɓatanci, wai mai sauti ya zo ya shafe laifin sauti. Wannan tafsirinsu ne, ba ya cikin Fitowa, amma ya nuna su ma sun hango haɗarin da kuka hango. Kuma a Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, lokacin da babban firist zai shiga Wuri Mafi Tsarki, Littafin Firistoci sura 16 ya ce ya tuɓe duk kayan zinariyar, ya shiga da lilin zalla.

Dattijon ya ƙara da cewa to ai kayan aro ba ya rufe katara. Nan kam ban bi ku ba. Ana faɗin wannan ga wanda ya dogara da abin wani, ranar da mai abu ya karɓe sai asiri ya tonu. Tufafin nan na muƙami ne, wanda ke kan kujera shi ne mai su har ya sauka. Littafin Ƙidaya sura 20 ya ba da labarin yadda Musa ya hau Dutsen Hor da Haruna, ya tuɓe masa kayan ya sa wa ɗansa Ele'azara, Haruna ya rasu a can. Masu mulki ma sun gane haka. Masanin tarihi Yosifus ya ruwaito cewa Sarki Hirudus, daga baya kuma Romawa, sun riƙa kulle kayan babban firist a hasumiyar Antoniya da ke jikin Haikalin Urushalima, sai idi ya gabato a fito da su. Wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakin shi ke juya firist. Gwamnan Siriya Bitaliyas ne ya mayar wa firistoci da kayan wajen shekara ta 36 miladiyya, Haikalin kansa kuma Romawa suka rushe shi a shekara ta 70.

Batun katara kuwa, an yi mata tanadi tun farko: ƙarshen Fitowa sura 28 ya ambaci gajeren wandon lilin daga ƙugu zuwa cinya, wanda kowane firist, babba da ƙarami, dole ya sa kafin ya kusanci bagade, wato wurin miƙa hadaya.