Kana Guangzhou, amma agogon jikinka yana Auyo

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Auyo ya rubuto mini daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Baffansa ne ya tura shi baje kolin Canton ya sayo injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, don manoman rani na fadamar Haɗeja. Ya ce kwanansa huɗu bai runtsa da dare ba, sai gari ya waye barci ya danne shi, har ya saɓa alkawari da wani mai masana'anta. Jirgin ƙarƙashin ƙasa tsoro yake ba shi, don haka wani ejan ke yawo da shi a mota, kuma ya karɓi fasfonsa "don ajiya". A ƙarshe ya tambaya: ko sammu aka yi masa?

Ƙanena, ba wanda ya yi maka komai. Sin tana gaban Najeriya da awa 7. Idan ka kwanta ƙarfe 10 na dare a can, jikinka ƙarfe 3 na rana yake gani, ko la'asar ba a kira ba a gida. Ƙarfe 6 na safiyarsu kuwa, ƙarfe 11 na dare ne a jikinka, shi ya sa barcin ke kama ka kamar an ɗaure ka. Jiki yana gyara agogonsa da kimanin awa ɗaya a kowace rana, kuma tafiya gabas ta fi wuya, don haka ka ba shi mako guda. Ka tashi da asubar can ko da idonka na yaji. Daga hantsi ka fita ka sha rana. In barcin rana ya ci ƙarfinka, kada ya wuce rabin awa, ka sa wayarka ta tashe ka. Bayan azahar ka rabu da shayi da kofi, goron da ka ƙullo daga gida ma ka ajiye shi. Ka kuma duba alƙibla da kyau, a can yamma ake fuskanta.

Amma akwai abin da ka ambata a gindin wasiƙarka kamar ba komai ba ne, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Ka ce 'yan gida na kiranka bayan isha'i. Ƙarfe 8 na dare a Auyo, ƙarfe 3 na dare ne inda kake. Yaya na son waya, Gwaggo na son mayafi, abokin wasa na tambayar nawa ake sayar da babur, kai kuma kana amsawa don kada a ce ka je waje ka yi girman kai. A nan ina bayanka, ba na bayansu. Amanar kuɗin mutane aka ɗora maka, kuɗin da aka tara daga shinkafa da riɗi, kuma wanda bai yi barci ba shi ake cuta a lissafi. Wanda ya tashe ka tsakar dare saboda sautun mayafi bai yi zumunci ba, ko da bai sani ba. Ka faɗa wa Baffa da bakinka, shi ya tsawatar.

Sai maganar ejan. Yau ɗin nan ka karɓi fasfonka. Dokar Sin ta wajabta wa baƙo ya riƙe fasfonsa a jikinsa, kuma in 'yan sanda suka tare ka, ba za su saurari cewa yana wajen wani ba. Na san wanda irin wannan mai taimako ya ce zai sabunta masa biza, ya yi ta cewa gobe, jibi, har kwanakin suka ƙare. Wanda ya zarce wa'adi tarar yuwan 500, kuɗin Sin, ake cinsa kowace rana, har zuwa 10,000, ko a tsare shi. Ejan wancan mutumin kuwa ko wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Na ga wani kuma da aka yi ta zagayawa da shi shaguna uku kacal, duk inda ejan ke da la'ada, sai da ya dawo Kano ya tarar ana sayar da irin kayansa da araha a Sabon Gari. In har kana bukatar ƙarin kwanaki, kai da kanka za ka je ofishin shige da fice, aƙalla kwana 7 kafin wa'adinka ya cika.

Tsoron jirgin nan shi ne igiyar da ejan ɗinka ya ɗaure ka da ita, alhali wanda ya iya canjin mota daga Auyo zuwa Haɗeja zuwa Kano ba zai ɓata a can ba. Kowane layi da lambarsa da launinsa, kuma ana rubuta sunayen tashoshi da harafin boko. Daga Xiaobei inda ka sauka, ka hau layi na 5 zuwa Zhujiang New Town, ka koma na 3 zuwa Kecun, sannan na 8 ya sauke ka a Pazhou, bakin wurin baje kolin. Za a sa jakarka a na'urar bincike, kowa ake yi wa. Injin tikiti zai ba ka wani ɗan faifan roba kamar kwabo: ka goga shi a ƙofar shiga, ka jefa shi a ramin ƙofar fita. Kuɗin daga yuwan 2 yake farawa. Layi na 3 yana cika maƙil da safe, sai ka ɗan jinkirta zuwa bayan ƙarfe 9. Katin otal ɗinka mai rubutun Sinanci kada ya bar aljihunka.

Inna kaɗai za ka ware wa lokaci. Ka kira ta ƙarfe 9 na darenku, lokacin ta idar da azahar a gida. Ku gaisa, ta sa maka albarka, sannan ka kashe wayar ka kwanta.