Direbobi Biyu, Birki Ɗaya: Amsar Murya

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗan'uwa da ka yi tambaya jiya, ga amsarka. Ka ce direbobi biyu ne, kowa ya san birkinsa ba ya ci, kowa ya ƙi kai mota wurin bakanike. Ɗaya ya isa gida lafiya, ɗaya yaro ya gifta masa ya buge shi, yaron ya mutu. Wa ya fi laifi?

To, wannan ita ce rigimar da masana falsafa Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka suka tayar a 1976, kan rawar da sa'a ke takawa wajen auna laifin mutum. Tun 1785 Kant, masanin falsafa na Jamus, ya ce kyakkyawar niyya kaɗai ake aunawa, abin da ya biyo baya ba ya ƙara ta, ba ya rage ta. Nagel ya ce baki ya yarda da haka, amma in aka zo hukunci ba haka muke yi ba. Ya ce ta ƙofa 4 sa'a ke shigowa: sakamakon aiki, kamar direbobin nan; yanayin da mutum ya tsinci kansa; halin da aka haife shi da shi; sai dalilan da suka riga zaɓinsa. Ta biyun nan ta fi ci mini rai. Misalin da Nagel ya kawo shi ne: Bajamushen da kasuwanci ya kai Ajantina a 1930 ya rayu bai cuci kowa ba, alhali da ya zauna gida wataƙila da jami'i ya zama a sansanin da 'yan Nazi ke tsare mutane suna azabtar da su.

Ku saurara, ga inda ake ruɗewa: tambayoyi biyu ake cakuɗawa, ta zargi da ta gyaran ɓarna. Sakacinsu iri ɗaya ne, zargi daidai wa daida. Amma gyaran ɓarna yana wuyan wanda motarsa ta yi kisa. Fiƙihu ya daɗe da raba su. Kisan kuskure babu ƙisasi, amma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, wato 'yanta bawa, in bai samu ba azumin wata 2 a jere. Diyyar a Sunna raƙuma 100 ce, dangin uba ke ɗauka. Bai yi niyya ba, amma ba a ce ya kama gabansa ba.

Williams ma ya ce ko direban da ba shi da sakaci ko kaɗan, in ya buge yaro ya share gumi ya ce ba ruwansa, za mu yi shakkar zuciyarsa. Masu cewa a daidaita hukuncin kuwa, dole su zaɓa: ko a ɗaure duk mai lalataccen birki kamar ya yi kisa, ko a sallami wanda ya yi kisan da 'yar tarar da za a ci ɗayan.