Aikido daga tsofaffin kaset: abin da ya kamata ka saya da abin da za ka bari

Wani mai karatu daga Kaduna da ke sha'awar aikido, wasan kare kai na Japanawa, ya ce: "Malam, babu wurin koyon aikido a kusa da ni. Na ga wani ɗan Amurka ya sa kwalin tsofaffin kaset-kaset na bidiyo a kasuwar intanet, har da na shi kansa wanda ya ƙirƙiro wasan. In saya, in kuma nemi na'urar bidiyo? Ko in bar kuɗina?"

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Kaset ɗin Amurka da Japan a tsarin NTSC aka ɗauke su, na'urorin da suka yi yawa a nan kuwa na PAL ne, don haka in ba ka dace da mai cin tsarin biyu ba, hoton zai fito yana rawa ko babu launi, ko ma ya ƙi fitowa. Kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina tun 2016, kuma kaset ɗin da ya shekara talatin a ajiye da wuya ka same shi bai yi fumfuna ba. Ga kuɗin dako, ga na kwastan. Da yawa daga abin da ke cikin irin wannan kwali an riga an juye shi zuwa kwamfuta. Marigayi Stanley Pranin, wanda ya kafa mujallar Aiki News a 1974, ya ƙarar da rayuwarsa wajen tattara waɗannan fina-finai, kuma yau da dama suna YouTube, wasu kuma ana sayar da su a sauke kai tsaye.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ɗokin da kake yi na fim ɗin Morihei Ueshiba, wanda ya ƙirƙiro aikido. Na fahimta. Akwai wanda aka ɗauka a 1935 a Osaka, a ginin jaridar Asahi, lokacin ya haura shekara 50, yana watsar da samari kamar ba su da nauyi. Ka kalla, ka sake kallo, domin tarihi ne mai daraja. Amma nuni yake yi, ba darasi ba. Ba ya tsayawa ya ce ga inda ƙafa za ta sauka, waɗanda yake kayarwa kuma almajiransa ne da suka shekara suna koyon faɗuwa. Sannan ka lura da hakama, wannan baƙin wandon mai faɗi da yake sauka har idon sawu: yana rufe ƙafafu ruf, alhali a ƙafa da ƙugu aikin yake. Mai kallo sai idonsa ya tafi kan hannu, ya zo ya yi ta murɗa hannun abokinsa da ƙarfin damtse yana mamakin me ya sa ba ya faɗuwa.

In darasi kake nema, mutum biyu zan nuna maka. Morihiro Saito ya shiga hannun Ueshiba a ƙauyen Iwama a 1946, ya zauna da shi har rasuwarsa a 1969. Bidiyoyinsa a tsanake suke: a kama shi da ƙarfi, ya nuna fasahar ta gaba da ta baya, wato omote da ura, ya maimaita, har ya nuna kuskuren da ɗalibai suka saba yi. Na biyun Gozo Shioda ne, wanda ya kafa makarantar Yoshinkan a 1955. Da yake ya koyar da jama'a masu yawa a lokaci guda, ciki har da 'yan sandan Tokiyo, sai aka yanka kowace fasaha gunduwa-gunduwa ana ƙirgawa, kuma sau da yawa masu nunin ba sa sa hakama, ƙafa a fili take. Ga wanda ba shi da malami a kansa, ni na Yoshinkan nake fifitawa.

Sai dai ka ɗauki ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Tsayuwarsu ta bambanta, hatta sunayen fasahohin ba ɗaya ba ne: abin da Saito yake kira ikkyo da nikyo, a wajen Shioda ikkajo da nikajo ne. Mai tsalle daga wannan malami zuwa wancan kowane dare, shekara za ta zagayo bai iya tsayuwar kowa ba.

Kuma kar ka yarda wani ya zuga ka ka gwada a titi. In ka cire reshen Kenji Tomiki da ke yin gasa, a aikido abokin horo yana ba da haɗin kai ne. Wanda ya tare ka da dare ba zai ba ka ba.

Wasu 'yan'uwa biyu daga Zariya suka ce: "Ni da ƙanena muna bin bidiyo a tsakar gida, a kan siminti muke shimfiɗa katifar kwana. Mun fara shihonage. Kuɗin da muka tara, faifan DVD za mu ƙara ko shimfiɗar wasa?"

Don Allah ku dakatar da shihonage yau ɗin nan. A wannan fasaha ana naɗe hannun mutum zuwa bayan kafaɗarsa a kai shi ƙasa ta baya, ƙeyarsa ce take fara neman ƙasa, hannun da zai kare kansa da shi kuma yana riƙe a wajen mai kayarwa. A Japan kanta an samu munanan raunuka har da rasa rai a ƙungiyoyin jami'o'i, inda aka yi ta maimaita ta a kan sababbin ɗalibai bayan sun gaji. A kan shimfiɗar wasa ke nan, balle siminti.

Katifar kwana ba ta raba ku da haɗari. Laushinta ya yi yawa, ƙafa tana nutsewa, in ka juya sai jiki ya juya ya bar sawu a baya, targaɗe ke nan. Kuma gajeriya ce, wanda ya mirgina a kan siminti zai ƙarasa. Ku sayi shimfiɗar roba mai haƙora da ake harhaɗawa, mita ɗaya a mita ɗaya, mai kaurin santimita 4. Mai santimita 2 ta masu karate da taikwando ce, waɗanda aikinsu a tsaye yake. In kuɗin bai kai ba, rairayi mai zurfi irin na filin kokawa ya fi katifa a kan siminti.

Amma da ni ne ku, kafin shimfiɗar ma, sai in kai kuɗin wajen kocin judo. Aikido ta yi ƙaranci a ƙasar nan, judo kuwa ana samunta a filayen wasa na jihohi da wasu jami'o'i, kuma faɗuwar da suke koyarwa, ukemi, ita ce tushen da kuke buƙata: manna haɓa a ƙirji, zagaye baya, bugun ƙasa da hannu, tashi ba tare da an dogara da wuya ba. Wannan abu ne da sai wani ya tsaya a kanka ya danna maka kai ya ce "sunkuyar da nan". Haka nikyo. A allo za ka ga kamar ɗan lanƙwasa tsintsiyar hannu ne kawai, amma in gwani ya yi maka, wani zogi ne zai ratsa har gwiwar hannu, gwiwoyinka su sare da kansu, kuma tsakanin nan da yagewar jijiya tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba. Bidiyo ba ya iya gaya maka inda za ka tsaya. Ku yi yarjejeniya tun yanzu: wanda ya ji zafi ya bugi cinyarsa ko ƙasa, ɗayan ya saki nan take, ba gardama. Kai babban, alhakin ƙanenka a wuyanka yake.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce: "Ni kaɗai nake, ba abokiyar horo. Akwai abin da zan iya koya? In yi odar takobin katako daga waje?"

'Yar'uwa, ke ce bidiyo zai fi yi wa amfani. Saito ya tsara sara guda 7 na takobin katako, bokken, da guda 20 na sanda, jo, sai wani jerin motsi mai ƙirga 31, duka mutum ɗaya ke yin su. Ba sai kin yi oda ba. Sandar tsawonta kimanin santimita 128 ne, kaurinta wajen santimita biyu da rabi, takobin kuma mita ɗaya da 'yan kai. A Japan da farin katakon oak ake yi, amma tunda ba karo za ki yi da na wani ba, kafinta zai fitar miki daga katako mai tauri, miƙaƙƙe, marar ƙulli. A goge shi sumul, kar a shafa fenti, domin sandar zamewa take a cikin tafin hannu.

Ki rage gudun bidiyon zuwa 0.25, wato kashi ɗaya cikin huɗu na gudunsa. A kwamfuta, in kin tsayar da shi a YouTube, madannin waƙafi da na aya suna matsar da hoton ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki jingina waya ki ɗauki kanki daga ɓangaren da aka ɗauki malamin, ki gwada biyun. Ki kula da hagu da dama, domin in yana fuskantarki, sai ki tarar kina yin komai a juye.

Mutane da dama sun tambaya game da sunkuyon da suke gani a farkon bidiyo, inda ake durƙusawa a kai goshi kusa da ƙasa a gaban hoton Ueshiba, a Iwama har da tafi. Gaisuwar Japanawa ce, tafin kuma daga addinin Shinto ya fito, shi kansa Ueshiba mabiyin ɗariƙar Omoto ne. Ba ya cikin fasahar, kuma barinsa ba ya rage ko motsi ɗaya. A gida ku yi musabaha ku fara. In wata rana kun je makarantar aikido, ku yi wa malamin bayani tun kafin a shiga fili, hukuncin shari'a kuwa ku neme shi a wajen malamanku.