Tseren Jiragen Rimot: Kada Ka Fara da Sayen Gudu

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu ɗaya, wato tseren ƙananan jiragen sama na rimot, irin wanda ake kafa turaku a fili jirage su yi ta kewaya su. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli bidiyon gasar duniya ta ajin F3D, wato ajin jiragen tsere masu tsananin gudu, tun ranar abin bai fita daga raina ba. Shekarata ɗaya ina tuƙa jirgin koyo, ina tashi ina sauka lafiya. Na ɗan tara kuɗi, kuma so nake in yi saye ɗaya in huta. In sayi jirgin F3D da injinsa kai tsaye?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna, mu yi lissafi tare. A dokar FAI, hukumar wasannin sama ta duniya da ke birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, turaku uku ake kafawa a filin F3D. Daga turke na ɗaya zuwa kowane ɗaya cikin sauran biyun mita 180 ne, tsakanin na biyu da na uku kuma mita 40. Zagaye ɗaya mita 400 ke nan, ana yin 10, kilomita 4, kuma kullum hagu ake juyawa. Gwanaye kan gama wannan tafiya cikin ƙasa da minti ɗaya, jirgin yana wuce kilomita 300 a awa. Da irin wannan gudu, mita 180 ɗin nan sakan 2 ne da ɗan ɗoriya. Kafin ka gama tunanin juyawa, lokacin juyawar ya wuce.

Jirgin koyon da ka saba da shi yana yafe kuskure. Fiffikensa a sama yake, in ka saki sandar rimot sai ya nemi daidaita kansa. Na tsere ba ya yafiya: yadda ka karkata shi haka zai ci gaba, har ƙasa. Wanda ya yi wannan tsalle, yawanci tashinsa na farko ko na biyu ne ke cinye kuɗin da ya tara, daga nan kuma sha'awar ta mutu. Wannan shi ne abin da ba na so ya same ka.

Ba banza aka yi wa wasan matakai ba. A farkon shekarun 1970 wani Ba'amurke, Glen Spickler, ya zana jirgin da ake kira Quickie 500. Jikinsa kamar akwati, fiffikensa miƙaƙƙe mai girman inci 500 murabba'i, daga nan sunan ya fito. Manufar ita ce jirgi mai sauƙin haɗawa, mai sauƙin gyara, kowa ya zo da kusan iri ɗaya, hannu ya raba gardama. Har yau ana tserensa, kuma a dokokin ƙungiyar AMA ta Amurka akwai ajin 424 na masu inji mara zafi, da 426 na waɗanda suka ƙara gaba, kafin a kai ga Q40, wanda gudunsa ya kusa na F3D. Ƙasa da su duka akwai Club 40, inda ake amfani da jirgin wasa na gama-gari irin Sky Raider Mach II. A Ingila ma suna da nasu ajin na masu farawa, kamar Club 32 da E2K mai aiki da batir.

Wanne za ka saya? Wanda ake tserensa a filin da za ka riƙa zuwa. Ka je ranar gasa kafin ka kashe ko sisi, ka ga abin da masu farawa ke tuƙawa, ka sayi irinsa sak, har injin, har farfelar. Jirgi mafi kyau a duniya ba shi da amfani in babu abokin karawa a ajinsa. In naka irin nasu ne kuwa, ranar da farfelarka ta karye akwai mai ara maka, kuma akwai wanda ya riga ya san inda nauyin jirgin ya kamata ya daidaita.

Ga wani lissafin da nake so ka riƙe. A ce a kowane zagaye ka zarce turke na ɗaya da mita 20 kafin ka juyo. Zuwa da dawowa mita 40. Sau 10, mita 400: ka ba abokan karawarka zagaye guda cur kyauta. Babu injin da za ka saya ya biya maka wannan bashi. In kuma zalama ta sa ka yi yanke, ka juyo kafin ka kai turken, a F3D ana ƙara maka kashi 10 cikin 100 na lokacinka, yanke biyu kuma wannan karon ya tashi a banza. Tsakanin zarcewa da yanke ake cin tsere, kuma a jirgi mai rabin gudun F3D ne idonka da yatsunka za su sami sararin koyon wannan.

Abu na ƙarshe, kuma ba na kanti ba ne: mai kira. Matuƙi yana tsaye ne kusa da turke na biyu da na uku, turke na ɗaya yana can nesa, ido ba ya iya tantance ko jirgi ya kai shi. Mai kira shi ke riƙe jirgin a layin tashi, inji na kuka, ya sake shi in an ba da alama, ya rugo ya tsaya a bayan kafaɗarka. Idonsa na kan jirgin da fitilar da alƙalan turken ke kunnawa in jirgi ya kai shi, yana ƙirga a bakinsa, sai ka ji muryarsa a kunnenka: shirya, juya! Kai kuma ka kwantar da jirgin a kan fiffike, ka ja sandar rimot. Ka nemi tsohon hannu ya yi maka kira, kai ma ka roƙi a bar ka ka yi wa wani. Rana ɗaya a bayan gwani ta fi wata guda kana kewaya fili kai kaɗai.

Tambaya: Malam, inji mai shan mai ko mai aiki da batir? Abokaina sun rabu biyu, kowa na kushe na ɗan'uwansa.

Amsa: Dokar ajin da ka zaɓa ita ke yanke wannan, ba ra'ayin abokai ba. In duka biyun suna nan, ni batir nake ba mai farawa shawara, domin ranar gasa hankalinka ya tsaya a kan tuƙi. Injin mai yana da allura da ake murɗawa a daidaita man da ke shiga. Ka matse ta da yawa don neman ƙarin gudu, injin ya yi zafi a sama ya ƙone. Ga lokacin tayarwa ƙayyadadde, a F3D minti ɗaya ne, in bai tashi ba a tafi a bar ka. Koyon wannan sana'a ce mai zaman kanta, mai daɗi kuma, amma ba dole ta haɗu da koyon kewaya turke a rana ɗaya ba. Shi ma batirin LiPo yana da nasa sharuɗɗa: kowane ɗaki nasa, wato kowane ɗaya daga ƙananan baturan da ke cikinsa, kada ya wuce bolt 4.2 wajen caji, in za a ajiye shi a bar shi wajen 3.8, ba a tafiya a bar shi a kan caja, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki. Ka sayi caja mai daidaita ɗakunan, ka sayi batir biyu ko uku maimakon ɗaya mai tsada.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 14 ya matsa mini sai na saya masa jirgin tsere. Bai taɓa tuƙa kowane iri ba. Ina tsoron asara, ina kuma tsoron ya ji wa kansa ko wani ciwo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki a kan hanya yake, amma kada ki kashe masa sha'awar, ki dai jera masa ita. Saye na farko rimot ne mai kyau, na zangon 2.4 GHz, daga kamfanin da aka sani irin Futaba ko Spektrum, mai iya ajiye saitin jirage da yawa. Shi ne kayan da zai bi shi shekaru, jirage su zo su wuce. Da shi zai yi atisaye a kwamfuta da manhajar kwaikwayon tashi irin RealFlight, inda faɗuwa ba ta cin komai. Bayan haka jirgin koyo mai fiffike a sama, tare da malami da zai haɗa rimot ɗinsa da na yaron, ya karɓe tuƙin da zarar abu ya rikice. Sai ya iya sauka a inda ya nufa, ko da iska, sannan a yi maganar tsere.

Game da rauni, farfela ba ta san wasa ba, tana yanka yatsa har ƙashi. A koya masa tsayawa a bayanta, ba a gabanta ko gefenta ba. A saita rimot ɗin yadda injin zai mutu da kansa in sadarwa ta katse. Duk wanda ya shiga cikin filin tsere sai da hular kwano, 'yan kallo kuma suna da layin da ba sa ƙetarewa. Ki kuma binciki dokar ƙasar da kuke, domin ƙasashe da yawa suna buƙatar rajista ga jirgin da ya kai wani nauyi, kuma kusa da filin jirgin sama ba wurin wannan wasa ba ne.

Tambaya: Malam, wani zai sayar mini da Quickie 500 na hannu, da inji da komai, a rabin kuɗin sabo. Ya ce sau ɗaya ya taɓa faɗuwa. In karɓa?

Amsa: Na hannu hanya ce mai kyau ta shiga, da sharaɗin ka duba da hannunka. Na taɓa sayen irinsa, fenti na sheƙi, ban duba maƙalar leɓen wutsiya ba, wato sashen wutsiyar mai motsi da ke ɗaga hancin jirgi ko sauke shi. A tashi na uku, ina cikin miƙewa da cikakken totur, sai na ji wata ƙara kamar an girgiza takarda a iska. Leɓen ne ya kama kaɗawa, cikin ƙiftawar ido ya cinye haƙoran sarbo, ƙaramin injin lantarkin da ke motsa shi. Na kashe inji, amma babu abin da zai ɗaga hancin jirgin. A buhu na kwaso shi.

Don haka ka kunna rimot, ka kama kowane leɓe na fiffike da na wutsiya da yatsa biyu, ka motsa shi a hankali. In yana lilo ba tare da sarbo ya motsa ba, akwai gyara. Ka ja shi baya kaɗan ka ga ko maƙalarsa za ta zame. Ka riƙe fiffiken a ƙarshensa biyu ka ɗan lanƙwasa, kunnenka a kusa: ƙarar ƙas-ƙas daga tsakiya na nufin ƙashin bayansa ya tsage, kuma a juyawar turke jirgi yana ɗaukar nauyin kansa ninki-ba-ninki, fiffiken da ya tsage naɗewa zai yi. Ka duba katakon da injin ke ɗaure a kai, in ya sha mai ya yi laushi, gam ba zai sake kama shi ba. Injin kuma ka juya farfela da hannu, ka ji ko yana matsewa sosai, ka ji ko akwai gurzawa kamar yashi a ciki, sannan mai shi ya tayar a gabanka.

In ya tsallake duk wannan, ka tambayi masu shirya tseren ko injin da farfelar sun halatta a ajin da za ka shiga, domin akwai injin da aka yi wa cikinsa sauye-sauye, dokar aji kuma ta hana. In sun ce e, ka karɓa. Batirin risiba, wato na'urar cikin jirgi mai karɓar umarnin rimot, da makunninsa kuwa ka cire su ka sa sababbi kafin tashin farko, ko da mai shi ya rantse jiya ya saya.