Hukuncin shiga ƙungiyar zaman lafiyar addinai da Scientology ke juyawa

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka. Wata ƙungiya mai kiran zaman lafiya tsakanin addinai ta nemi in wakilci masallacinmu a taronta, sai daga baya na ji cewa 'yan Scientology ne a bayanta. Ya halatta in shiga?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, kyautata wa wanda ba Musulmi ba da yi masa adalci halal ne, matuƙar bai yaƙe mu ba, kamar yadda aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta nuna. Annabi (SAW) ma ya yabi Hilful Fudul, alhali mushrikai ne suka ƙulla shi don kare wanda aka zalunta.

Abin dubawa shi ne ɓoye fuska. Scientology wani sabon addini ne da wani Ba'amurke mai suna L. Ron Hubbard ya kafa, cocinsu na farko ya buɗe a Los Angeles a 1954. Suna cewa ruhi yana sauya jiki daga rayuwa zuwa rayuwa, wannan kuwa ya ci karo da imani da tashin ƙiyama. Kuma sun saba aiki da wasu sunaye. Akwai wata ƙungiya, Cult Awareness Network, da iyaye ke kira idan 'ya'yansu sun faɗa hannun ƙungiyoyi masu juya tunani. Ƙararraki suka durƙusar da ita a 1996, wani lauya ɗan Scientology ya sayi sunanta da lambar wayarta, aka ci gaba da tafiyar da ita da sunan kare 'yancin addini. Uwa ta kira tana neman taimako, waɗanda take gudu su ɗauki wayar! Wannan yana ɓata min rai ƙwarai. A Faransa kuma kotu ta sami cocin Scientology da laifin damfara a 2009.

Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, Allah kuma ya hana taimakekeniya a kan zunubi. Idan ka tabbatar su ne ke juya ƙungiyar, bai halatta ka zama mamba ba, ko ka ba da kuɗi, ko ka ara musu sunan masallaci da hotonka su ja Musulmi da su. Amma kada ka yanke hukunci da jita-jita: tambayi shugabanninta wa ke ɗaukar nauyinta, ka duba takardun rajistarta. Wanda ya gayyace ka kuma, ba shi haƙuri da kyakkyawar magana.

Wallahu a'alam.