Muryar amsa: ekiran ya yi baƙi bayan mizajur, kar a formate tukuna

An mayar da muryar rubutu saboda waɗanda megas ɗinsu ba su kai su saurara ba. Umarnin da aka faɗa da baki an rubuta su yadda ake buga su.

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari muryarka, na kuma ga hoton da ka turo. Ka ce ordinater ce ta teburi a shagon buga takardu can wajen kasuwar Dole, tana da Xubuntu 20.04, wani nau'in Linux, da tsohon katin hoto na Nvidia, GeForce 210. Ka sa ta mizajur, wato sabuntawa, zuwa 22.04, tana cikin aiki kuran ya ɗauke, babu ondiler mai riƙe wuta, da ka kunna sai baƙin ekiran da ɗan layi yana ƙyaftawa a kusurwa. Wani ya ce ka formate. Don Allah kar ka yi. Takardun mutane suna nan a kan disk, Linux ɗin ma yana tashi. Abin da ya faɗi shi ne Xorg, wato manhajar da ke zana tagogi a ekiran tana karɓar kilabiye da suri.

Ga dalili. Xorg ba fakiti ɗaya ba ne, wato ba ƙunshin manhaja guda ba ne. Akwai uwar, xserver-xorg-core, sannan akwai ƙananan direbobi da ke manne da ita, na hoto da na kilabiye. A 20.04 uwar 1.20 ce, lambar yarjejeniyarta da direbobin hoto, abin da ake kira ABI, 24 ce. A 22.04 uwar ta koma 21.1, lambar ta koma 25. Direban da aka gina don 24, sabuwar uwa ba ta karɓar shi, kamar an canza kwaɗon ƙofa an bar ka da tsohon mabuɗi. To kai matsala biyu ce ta haɗu maka: aikin apt, manhajar da ke sauko da fakiti tana girkawa, ya tsaya a rabi, sannan direban katinka, Nvidia 340, ya tsaya a 340.108 tun 2019, kuma iyakarsa Xorg 1.20. Ko da kuran bai ɗauke ba, da ka gamu da ta biyun.

Fara da shiga. Danna Ctrl da Alt da F3 tare, zai ba ka wurin rubuta suna da kalmar sirri. A nan mutane da yawa ke tsayawa, su ce kalmar sirrin ta ƙi. Kilabiyenmu AZERTY ne, wani lokaci wannan allon yana ɗaukar shi QWERTY, sai A ta zama Q, M ta bar wurinta, lambobi su rikice. Gwada buga haruffan a wurin suna inda ido ke gani, ka ga abin da ke fitowa. Da ka shiga sai ka buga:

sudo loadkeys fr

Idan F3 ba ta ba da komai ba, sake kunnawa, riƙe Shift, ko ka danna Esc idan mashin ɗin UEFI ne, har GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ya fito. Shiga layi na biyu, zaɓi recovery mode, sannan root, wato asusun mai cikakken iko. In ya ce disk ɗin na karantawa ne kawai, buga mount -o remount,rw / ka ci gaba.

Kafin ka taɓa komai, kwashe takardu. Sa kile USB, buga lsblk ka ga sunanta, galibi sdb1 ce, amma duba girmanta ka tabbatar. Sai sudo mount /dev/sdb1 /mnt, sannan sudo cp -r /home/sunanka/Documents /mnt, ka sa sunan da kake shiga da shi a wurin sunanka. In ya gama, sudo umount /mnt kafin ka zare. Amanar mutane ce, minti kaɗan ne.

Yauwa, rezo. In akwai wayar ethernet sa ta. In babu, haɗa salularka da wayar USB ka kunna raba intanet ta USB, ya fi sauƙi a kan Wi-Fi a baƙin allo. Gwada da ping -c 3 ubuntu.com.

Sai ka duba wuri a disk da df -h. Dubi layin / da na /boot in yana ware. In ɗaya ya kai 100%, dpkg, mai girka fakitin a ƙarƙashin apt, ba zai iya rubuta komai ba, kuma duk abin da za ka yi bayan nan zai faɗi da kuskuren da ba shi ne ainihin ciwon ba. Amma ji nan da kyau: kar ka buga apt clean. Na san shi ne abin da kowa ke cewa idan disk ya cika. Mai yin mizajur yana sauko da fakitin duka tukuna kafin ya fara girkawa, kuma tunda ka ce kuran ya ɗauke yana cikin girkawa, to suna nan ajiye a /var/cache/apt/archives. Ka goge su, ka sake sayen megas ɗin da ka riga ka biya, a kan rezon da ka san halinsa. In wuri kake nema, buga sudo journalctl --vacuum-size=100M, ko ka kwashe bidiyoyi zuwa kile.

Yanzu ƙarasa aikin da ya tsaya, kuma bi da bi, kar ka tsallake:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt update
sudo apt --fix-broken install
sudo apt full-upgrade

Na farkon yana ɗaukar fakitin da aka kwance amma ba a daidaita ba ya ƙarasa su. Yana iya daɗewa, kar ka katse shi. In ya tsaya da kuskuren cewa wani fakiti yana jiran wani, ba komai, wuce zuwa na uku, sannan ka dawo ka sake na farkon. Ana iya zagayawa haka har ya yi shiru. Idan apt ya ce ya kasa samun kulle na /var/lib/dpkg/lock-frontend, wani aiki ne ke riƙe da shi, yawanci mai sabuntawa na atomatik. Jira shi ya gama. Goge wannan fayil alhali dpkg na aiki yana iya lalata kundin fakitin.

Me ya sa full-upgrade, ba upgrade kawai ba? Saboda upgrade ba ya yarda ya cire fakiti ko ɗaya. In sabuwar uwar Xorg ba za ta zauna ba sai an cire tsohon direba, sai ya bar ta, ya rubuta maka « Les paquets suivants ont été conservés », kai kuma ka ɗauka an gama. Shi full-upgrade yana da izinin cirewa. Wannan izinin kuwa shi ne haɗarinsa. Kafin ka danna O na amincewa, karanta abin da ke ƙarƙashin « Les paquets suivants seront ENLEVÉS ». In ka ga nvidia-340 da tsoffin laburare, madalla. In ka ga xubuntu-desktop, ko xorg, ko lightdm, ko xserver-xorg-input-all, danna n ka tsaya. Wannan alama ce cewa ma'ajiyoyin da apt ke ɗauko fakiti sun cakuɗe. Buga grep -r focal /etc/apt/sources.list /etc/apt/sources.list.d ka gani. Focal sunan 20.04 ne, jammy na 22.04. Duk layin da ba shi da alamar # a gabansa dole ya zama jammy. Na PPA kuma, wato ma'ajiyoyin da wasu mutane suka buɗe da kansu, a bar su a rufe har mashin ya warke. Wallahi mafi yawan mashinan da ake kawowa "Linux ya mutu", wannan jerin ne ba a karanta ba.

Bayan nan buga sudo dpkg --audit. In bai ce komai ba, fakiti sun daidaita. Kana iya ƙara dpkg -l | grep xserver-xorg: kowane layi ya fara da ii. In ka ga iU ko iF, da saura. Wanda ya fara da rc an cire shi amma ya bar fayilolin saitinsa, kuma za mu dawo kan wannan.

To sai karanta abin da Xorg ya faɗa da bakinsa, maimakon mu yi ta hasashe:

grep EE /var/log/Xorg.0.log

Ku masu Ubuntu na GNOME, naku yana iya zama a ~/.local/share/xorg/ ko ku duba da journalctl -b. Layin EE shi ne kuskure, WW gargaɗi ne kawai, kar ya tayar da hankali. In ka ga maganar ABI da lamba 24 da 25, shi ne abin da na faɗa. In ka ga "Failed to load module nvidia" ko "no screens found", duk wuri ɗaya suke nunawa: an umarci Xorg ya yi aiki da direban da babu shi ko wanda ba ya shiga. Tabbatar da katin da lspci -k | grep -A3 VGA, zai ba ka sunansa da direban da ke riƙe da shi a yanzu.

Maganin GeForce 210 shi ne a koma nouveau, direban kyauta da ke zuwa cikin Linux ɗin kansa. Don buga takardu da LibreOffice da intanet ya wadatar sarai. Za ka ga a intanet ana cewa a sa IgnoreABI, ko a ɗauko 340 da wani ya yi wa faci daga PPA. Ni ban ba da shawarar haka ba ga mashin ɗin da ake cin abinci da shi, domin duk ranar da kernel, zuciyar Linux ɗin, ya sabunta kana iya wayar gari da baƙin ekiran ga mutane a layi. Ga yadda za ka yi:

dpkg -l | grep -i nvidia
sudo apt-get purge 'nvidia-*'
sudo apt install --reinstall xserver-xorg-core xserver-xorg-video-nouveau xserver-xorg-input-all libgl1-mesa-dri libglx-mesa0

Lura, purge na ce, ba remove ba. Direban Nvidia yana ajiye fayil da ke hana nouveau tashi. Remove yana cire direban ya bar wannan fayil, sai ka zauna babu wannan babu wancan. Bayan purge duba da grep -r nouveau /etc/modprobe.d /lib/modprobe.d. Duk inda ka ga blacklist nouveau, sa # a gaban layin. In kuma da fayil ɗin .run na shafin Nvidia aka girka direban tun farko, apt bai san da shi ba, sai ka buga sudo nvidia-uninstall kafin sake girka waɗancan fakitin.

Sannan tsohon saiti. In akwai /etc/X11/xorg.conf, kusan tabbas a ciki an rubuta Driver "nvidia". Kar ka goge shi, canza masa suna: sudo mv /etc/X11/xorg.conf /etc/X11/xorg.conf.tsoho. Leƙa /etc/X11/xorg.conf.d ma. Xorg na yanzu yana gane kati da ekiran da kansa, ba ya bukatar wannan fayil. Sai ka buga sudo update-initramfs -u, domin hanin da aka yi wa nouveau yana da kwafi a cikin initramfs, fayil ɗin da Linux ke fara lodawa in zai tashi, in ba ka sabunta ba zai ci gaba da aiki. Sannan sudo reboot.

Abubuwa uku da ke iya biyo baya. In hoto ya fito amma kilabiye da suri sun mutu a wurin shiga, direban shigarwa ne babu, shi ya sa na sa xserver-xorg-input-all a umarnin can. A wannan halin ko Ctrl Alt F3 ba za ta yi ba, sai ta recovery. In ka sa kalmar sirri ya yi baƙi ya dawo da kai wurin shiga, ya yi ta maimaitawa, buga ls -l ~/.Xauthority. In root ne mai shi, wani ya gwada sudo startx. Gyara da sudo chown sunanka:sunanka ~/.Xauthority, kuma kar a sake haɗa startx da sudo. In kuwa hoton ya fito da manyan haruffa, ekiran ya ƙi cika girmansa, duba /etc/default/grub ko an bar nomodeset a ciki. Wannan kalmar tana taimakawa a shiga sau ɗaya, amma tana hana nouveau aiki. Cire ta, buga sudo update-grub.

Ku da katinku ya fi wannan sabunta, misali masu aiki da 470 ko 535, hanyarku daban ce kaɗan. Ku buga ubuntu-drivers devices ku ga wanda aka ba da shawara, ku girka shi, sannan dkms status ya nuna an gina shi don kernel ɗin da uname -r ya faɗa. In bai ginu ba, galibi linux-headers-$(uname -r) ne babu. In ya ginu amma ya ƙi tashi, mokutil --sb-state zai gaya muku ko Secure Boot ne ke hana shi. Masu Intel da AMD kuwa, yawanci ƙarasa apt da kawar da tsohon xorg.conf ya ishe ku.

Don gaba, ga duk mai shirin babban mizajur a nan Damagaram, musamman lokacin zafi da kuran ke yawan tafiya: a yi shi a kan ondiler, ko a mashin mai batiri cikakke. Mizajur na yau da kullum ma a raba shi biyu, sudo apt full-upgrade -d da dare ya sauko da fakitin kawai, wannan ko an katse shi ba ya ɓata komai, girkawar kuma a bari sai lokacin da wuta ta zauna. Kuma apt -s full-upgrade yana nuna abin da zai cire ba tare da ya taɓa komai ba.

Ƙanena, yi waɗannan bi da bi. In har yanzu baƙi ne, ɗauko mini hoto uku: abin da grep EE ya fitar, abin da lspci ya fitar, da layuka talatin na ƙarshe na tail -n 30 /var/log/apt/term.log. Riƙe salular daidai don rubutun ya karantu, ka turo nan cikin gurup.