Kujerar falo ta lotsa, maigida kuma ba ya gari

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya tafi aiki Legas, sai ƙarshen wata zai dawo. Shekaranjiya yara suna tsalle a kan babbar kujerar falo mai cin mutum uku, sai muka ji ƙas, tsakiyarta ta lotsa, ƙafar baya ɗaya kuma tana rawa. Na tura bulo biyu a ƙarƙashi. Dangin mijina za su zo ranar Asabar. Akwai abin da zan iya yi da hannuna? Daga wata uwargida, Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, uwargida. Akwai, ko da ba ki taɓa riƙe guduma ba. Sai dai kada ki sayi komai sai kin ga ciwon da idonki. Ki shimfiɗa tabarma, ki samu mai kama miki, ku kifa kujerar. Baƙin yadin da ya rufe ƙasanta da ƙananan fil aka kama shi. Ki ɓamɓare su da bakin sukudireba ta gefe uku, ki bar gefe ɗaya, ki haska da tocila.

Ƙarar da kuka ji ta katako ce, don robar da ke ƙarƙashin soso idan ta tsinke ba ta yin ƙas. Kujera mai cin mutum uku takan kai ƙafa 6 a tsawo, kuma da yawa ƙafafu huɗu kawai gare su, a kusurwoyi. Dogon katakon gaba da na baya su ke ɗauke da nauyin tsakiya ba tare da mataimaki ba. Can yake karyewa, galibi daidai inda katakon yake da ido, wato gurbin da reshe ya fito. Sanyi da bushewar hunturun Jos ma suna da hannu: katakon da aka yi aiki da shi bai gama bushewa ba yakan tsuke, ƙusoshi su saki, har ranar da ƙaramin tsalle zai ƙarasa shi.

Kafin ki ci gaba, ki danna bakin sukudireba a jikin katakon kusa da karayar. Idan ya shige kamar cikin burodi, ko kika ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zuba, ƙwaro ya cinye cikinsa. Wannan ba ya riƙe ƙusa ko sukuru, sai kafinta ya canja shi ɗungurungum. Kada ki shafa masa baƙin mai yadda wasu ke yi, warinsa zai kama soso, ya ɓata yadi. Idan kuwa katakon da tauri, ɗori za ki yi masa, kamar yadda mai ɗori ke haɗa ƙashi ya ɗaure da kara.

Ki aika kasuwar Katako da ke Laranto a sayo guntun katako mai kauri da faɗi daidai da wanda ya karye, tsawonsa ƙafa 2. Guntaye ba su da tsada, kuma za a yanka miki a can. A zaɓi busasshe marar ido. Ɗanye ya fi nauyi, kuma yana da sanyi a hannu. A haɗo da ƙaramar robar farin gam na katako irin Top Bond, da sukuru 8, da igiya mai ƙarfi. Tsawon sukurun ya ɗan gaza kaurin katakon biyu a haɗe: idan kowanne inci 1 ne, inci ɗaya da rabi ya yi, don kada tsini ya ɓullo ya yaga yadi ko ƙafar yaro.

Ki share ƙura daga bakin karayar, ki cusa gam ciki da tsohon buroshin haƙori, ki mayar da ɓangarorin biyu su haɗu yadda suke tun farko. Ki shafa gam a fuskar sabon katakon, ki manna shi ta ciki, karayar ta zo daidai tsakiyarsa. Ki zagaya igiya sau uku a kowane gefe, ki soka ɗan ice a ciki ki murɗa har gam ya fara tsattsafowa. Tsattsafowar nan ce shaidar sun matsu. Sai sukuru, uku a kowane gefe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kada su jeru a layi ɗaya, don jeri a kan jijiya guda yana tsaga katako. Kada kowanne ya matso karayar fiye da inci 2. In babu na'urar huda, ki ɗan buga siririyar ƙusa a hankali, ki zare ta da filaya, ramin ya zama hanya. Ki goga sabulu a zaren sukurun, zai shige ba wahala.

Abin da ya fi ɓata irin wannan gyara shi ne gaggawar buga manyan ƙusoshi a kan tsagar. Kowane bugu ƙara buɗa ta yake yi, ƙusar kuma tana zamewa da zama da tashi. Sufa gulu yana ƙamewa kamar gilashi, ya fashe da an zauna. Evo-Stik na soso da fata ne, ba ya ɗaukar nauyi. Farin gam ɗin yana son kwana ɗaya cur ba a taɓa shi ba, idan ana sanyi sosai ki ba shi biyu. Tunda Asabar baƙi za su zo, ki gama aikin ranar Alhamis.

Sauran sukuru biyun na ƙafa ta biyar ne, kuma a ganina ita ce rabin gyaran. Ki auna daga katakon zuwa ƙasa daidai tsawon sauran ƙafafun, a yanka guntun tubaitu, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 2, ki kafa shi a ƙarƙashin ɗorin. Awon ya zama daidai: in ya yi tsawo kujera za ta riƙa lilo, in ya gaza bai ɗauki komai ba.

Ƙafar da ke rawa, in mai murɗawa ce, ki ƙara murɗa ta. In ramin sukurun ne ya yi faɗi, ki tsoma tsinken ashana huɗu ko biyar a gam, ki cika ramin, ki karya abin da ya fito, washegari ki mayar da sukurun.

Ki duba robobin da soso ke kwance a kansu. Wadda ta tsinke, mai faci zai yanka miki tsohon tub na mota, faɗin inci 2. Ki saƙa ta tsakanin sauran kamar tabarma, ki ja sosai, ki ninke bakin, ki kama da gajerun ƙusoshi uku masu faɗin kai. Idan sifirin ƙarfe ne ya fita daga mazauninsa, ki bar shi wa kafinta, yana iya ƙwacewa ya bugi ido.

Bulon kuma, in lokaci ya ƙure har sai da shi, ki kwantar da shi kada ya tsaya a tsaye, kwali a ƙasansa saboda tayil, guntun falanki a samansa, kuma ya tokari katakon da ya karye, ba yadi ko soso ba. Idan kin mayar da kujerar, mutum ɗaya ya fara zama a hankali a tsakiya, ki kasa kunne. Baƙin yadin ki kama shi da 'yan fil kaɗan kawai, ki kuma ɗauki hoton ɗorin ki tura wa maigida, don in ya dawo kafinta ya buɗe ya ga inda za a sa sabon katako.